MicroFreak bayan ofdet ɗin 5.0, akwatin dai shi ne amma cikinsa ya canja

Tun wancan satin nake cewa zan rubuta wannan abun, amma duk sanda na zauna sai in tsinci hannuna ya koma kan murɗe-murɗe maimakon rubutu, to yau dai na zare masa waya na ture shi gefe. Maganar MicroFreak ce, ƙaramin sintisaizan nan, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, na kamfanin Arturia da ke Faransa, wanda ya fito a 2019. Ba sabo bane, shiyasa ma nake ganin yanzu ne ya dace ayi maganarsa, don abun da mutum ya saya a farkon fitowarsa da abun da ke hannunsa yau kusan kaya biyu ne daban alhali ko sukuru ɗaya ba a kwance ba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abu ne ɗan ƙarami mara nauyi, ka jefa shi a jakar laftof ka tafi. Maɓallan kiɗansa 25 ne amma ba irin na fiyano ba, ba sa dannuwa ko kaɗan, shimfiɗaɗɗen allo ne kawai da aka zana layuka a kai, taɓawa kake yi yana jin fatar yatsanka. Idan ka ƙara kwantar da yatsa, wato fata ta ƙara taɓa wurin, sai ya ɗauka ka ƙara matsawa, kuma kowane yatsa da nasa lissafin daban. Ba su suka fara wannan ba, tun 1973 sintisaizan Music Easel na kamfanin Buchla ke da irin wannan allon taɓawar. A sama kuma akwai nob, wato abun murɗawa, guda huɗu masu ruwan lemo, Type da Wave da Timbre da Shape, su ne zuciyar abun. Na farkon da shi kake zaɓar injin da zai haifi sautin, sauran ukun kuma aikinsu yana canjawa ne daidai da injin da ka zaɓa. Daga nan sauti ya wuce ta filta, mai tace shi ta rage wani ɓangarensa, ya fita. Akwai ɗan allo mitsitsi da ke nuna maka suna da lamba.

To anan ne maganar famwaya ke shigowa, kuma ita ce ta sa nake wannan dogon surutun. Famwaya dai ita ce manhajar da ke zaune a cikin na'urar ita kanta, ba a kwamfutarka ba, ita ke gaya wa kowane nob me zai yi. Shi MicroFreak rabi da rabi ne. Ɓangaren da ke haifar da sauti dijital ne, lissafi ne zalla ake yi a cikin wani ɗan guntun cif, don haka idan masu shi sun rubuta sabon lissafi suka turo maka, ka samu sabon inji kenan ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Ita kuwa filtar analog ce, wutar lantarki ce ta gaske ke bi ta cikin kayan da aka liƙa da dalma, an yi ta ne akan salon filtar Oberheim SEM ta 1974, mai laushin yanka, kuma tana da fuska uku, ta yanke sama ko ta yanke ƙasa ko ta bar tsakiya. Wannan babu ofdet ɗin da zai canja ta har abada, yadda ta fito daga masana'anta haka za ta mutu. Duk wanda ya gane wannan rabon ya gane me zai sa rai da shi daga ofdet da kuma abun da zai cire rai.

Tun fitowarsa bakwai daga cikin injinan an ɗauko su ne daga Plaits, wata na'urar haɗa sauti ta kamfanin Mutable Instruments, wanda Émilie Gillet ta rubuta ta kuma bar lambobinsa a buɗe kowa ya ɗauka ya yi amfani. Cikinsu akwai mai FM, wannan salon da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford har Yamaha ta yi sintisaizan DX7 da shi a 1983, sai dai na nan ƙarami ne, igiyoyin sauti biyu kawai yake haɗawa. Akwai Speech mai furta kalmomi da muryar mutum-mutumi, akwai Modal mai ƙara kamar ka daki ƙarfe ko gilashi. A ɓangaren nasu na gida kuma ni wanda na fi so tun ranar farko shi ne KarplusStr, mai kwaikwayon tsirkiya da aka ja aka saki, sunan ma daga Kevin Karplus da Alex Strong ya samo, waɗanda suka bayyana dabarar a 1983. Da wannan injin kaɗai na yi wata biyu ban taɓa sauran ba wallahi.

Sai aka fara turo sababbi. Na 2.0 ya zo a farkon 2020, ya kawo injin Noise, ya kawo hanyar buga kod, wato nota da yawa tare, da yatsa ɗaya, sannan ya kawo abun da ni a wurina ya fi duka amfani a lokacin, wato ka zaɓi sikeli, jerin notocin da waƙa ke bi, ya kulle maɓallan a kai, ta yadda ko yatsanka ya zame ba za ka fita daga layi ba. A allon da babu tudu babu kwari, yatsa kuwa zai zame, ba ko shakka. Cikin shekarar dai aka ƙara bokoda, mai haɗa muryar mutum da sautin na'urar, mai layi 16, har suka fitar da fari mai zuwa da makirfo, amma abun daɗin shi ne mu masu tsohon ma mun samu, makirfon ta ramin hedfon yake shiga. Na 3.0 a farkon 2021 ya zo da injina uku daga Noise Engineering na Amurka, Bass da SawX da Harm, ga kuma Unison mai tara muryoyinsa huɗu akan nota ɗaya ta yi kauri, wurin ajiye sauti kuma ya tashi daga 256 zuwa 384. Wajen ƙarshen 2021 na 4.0 ya bada damar ka ɗora naka teburin igiyoyin sauti da injin WaveUser. Sai na 5.0 a 2023, wanda ya kawo samful, wato naɗaɗɗen sauti da kake ɗora masa, da injinan ɓarɓashi guda uku masu daddatsa shi gutsi-gutsi, ma'ajiya ta kai 512. Duk wannan kyauta, ba a ce kawo ko sisi ba.

Ni fa a na 3.0 na tsaya cak, na daɗe a wurin, har abokaina suna min tsiya wai na zama gidan tarihi. Dalili kuwa akwai. Shekarun baya ina da wani injin ganga na wani kamfani daban, ba zan kira suna ba, suka fitar da ofdet na yi rawar kai na ɗora ana saura kwana biyu mu yi wasa, yana tsaka da shiga ya tsaya, allo ya yi fari fat, daga nan bai ƙara magana ba sai da ya yi sati shida a wurin gyara. Na rubuta musu wasiƙa har uku amsa ɗaya suka ban, ita ma irin wadda inji ke turowa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, to ni ma tun daga nan in naji kalmar ofdet sai gabana ya faɗi. Kuma gaskiya na 3.0 yana min duk abun da nake so, injin Bass kaɗai ya ishe ni rayuwa, to me zai kai ni.

Abun da ya karya ni shi ne wata rana a situdiyo wani abokina mai haɗa kiɗa ya zo da nasa, iri ɗaya sak da nawa har ƙurar da ke maƙale a gefen nob, ya ce in yi tari a makirfo. Na yi tari. Ya yi 'yan danne-danne a laftof, bayan minti biyar sai ga tarin nan nawa ya zama wani irin sauti mai yaɗuwa kamar iska na kaɗawa cikin dogon bututu, yana kwantar da yatsa yana buɗewa yana ɗagawa yana tsukewa. Na ce kai malam wannan wane inji ne, ya ce naka ne ai, kai ne ka ƙi ba shi abinci. Daren ranar ban yi barci da wuri ba.

Yadda ake yi ba wuya. Akwai manhajarsu ta kwamfuta, MIDI Control Center, ita ce ke magana da na'urar. Ka haɗa da wayar USB irin ta firinta, manhajar ta gane shi ta nuna maka lambar famwayar da kake kai, ka danna wurin ta ɗora sabuwar. Ni da farko ma ƙin ganinsa ta yi gaba ɗaya, na cire na mayar ya fi sau goma, na kashe kwamfuta na kunna, har na fara cewa shikenan tarihi zai maimaita kansa, ashe wani tsohon abun raba USB ne mai baki huɗu da na saya tun tuni na jona ta cikinsa, shi ne mai laifin. Ina cire shi na soka wayar kai tsaye a jikin laftof sai gashi ya bayyana. Don haka shawara ta farko kenan, kai tsaye, ba ɗan aike. Ta biyu ka rufe duk wata manhajar kiɗa da ke buɗe, don idan wata ta riƙe layin MIDI ɗin, wato hanyar da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta, ba lallai ta sakar wa wannan ba. Ta uku laftof ya zama da caji, kuma in ya fara ka ɗauke hannunka, kar ka taɓa komai, kar ka ce bari in gyara zaman wayar. Ni tashi ma na yi na bar ɗakin don ba zan iya kallon layin nan yana tafiya ba. 'Yan mintuna ne, na dawo na tarar ya kunna kansa, sautukana duk suna nan inda na bar su.

Sai kuma na yi wautar da ba wanda ya sa ni. Murna ta ɗebe ni, na ga sabon rukunin sautukan da suka zo da na 5.0 a cikin manhajar, na ce bari in tura su in ji, ban tsaya na karanta gargaɗin da ya fito ba na danna eh, ai kuwa suka hau kan nawa. Kwafin da na ajiye na ƙarshe ya kai wata biyar, don haka duk abun da na gina a tsakanin ya tafi, sautuka sha ɗaya ne na ƙirga, ciki har da wani bes da na yi kwana uku ina gyara shi wanda har yau na kasa dawo da shi daidai, na san da SawX na yi shi, na san filtar na rufe kusan rabi, amma akwai wani abu da na haɗa a matiris, allon da ake jona abu ya riƙa motsa wani, da na manta. Ba laifin kowa bane sai nawa, manhajar ta tambaye ni, ni ne na amsa ba tare da na duba ba. Kafin ka taɓa komai ka jawo duk abun da ke cikin na'urar zuwa kwamfuta ka sa masa kwanan wata, minti biyu ne. Na san kowa na faɗin haka kuma ba mai yi, ni ma ai na sha faɗa wa wasu.

To yanzu me na samu. Injin Sample shi ne mai sauƙin ganewa, ka ɗora sautinka ta kwamfuta, nob ɗin nan uku su zama na inda zai fara da tsawonsa da inda zai riƙa juyawa. Kowane samful bai wuce daƙiƙa 24 ba, duka ma'ajiyar kuma wajen minti uku da rabi ce. Wani zai ce wannan ai ba komai bane, wayar hannu ma ta fi, kuma gaskiya ne, duk wanda ya zo da niyyar ya yanka doguwar waƙa ya jera ta kamar a MPC, injin nan na yanka samful, to ya yi ɓatan kai, ba gidan bane nan. Ba ka iya naɗar samful kai tsaye a jikinsa, sai ka bi ta kwamfuta, kuma sautin ba ya fita tas kamar yadda ya shiga, akwai ɗan ƙura-ƙura a jikinsa. Ni dai wannan ƙurar ita nake so, musamman in ta bi ta filtar nan aka ɗan ɗaga mata resonans, wato kaifin da take ƙarawa a bakin yankan, sai ya zama kamar tsohon kaset da aka samo a ƙasan akwati.

Amma inda wasan yake shi ne injinan ɓarɓashi, Scan Grains da Cloud Grains da Hit Grains. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1940 masanin kimiyya Dennis Gabor ya kawo tunanin cewa za a iya kallon sauti a matsayin tarin ƙananan ƙwayoyi, daga baya mawaƙa irin su Iannis Xenakis da Curtis Roads suka mayar da abun kiɗa. A taƙaice ana daddatsa sautin ne gutsi-gutsi, kowane gutsure bai kai ƙiftawar ido ba, sannan a watso su da yawa a jere ko a cakuɗe. In gutsattsarin sun yi yawa sun hau kan juna sai kunne ya ji abu ɗaya mai santsi, in sun yi kaɗan sai ka ji tsat-tsat kamar yayyafi akan kwano. Shi Scan yana bin samful ɗin ne daga farko zuwa ƙarshe da saurin da ka ga dama, kana iya ja masa rai har kalma ɗaya ta yi rabin minti ba tare da muryar ta yi ƙasa ba. Cloud shi ne wanda abokin nan nawa ya kama ni da shi, yana tsayawa a wuri ɗaya ya yi ta zubo ƙwayoyi har su zama hazo. Hit kuma gutsattsarinsa masu kaifin baki ne, ya fi dacewa da abu mai bugu, ni na fi amfani da shi in ina son wani abu mai kama da kaɗa ƙarfe da sauri a bayan ganga. Abun da na lura shi ne samful mai kyau ba shi ke bada sakamako mai kyau ba. Na ɗora wani tsaftataccen sautin fiyano ya fito salam ba armashi, na ɗora ƙarar ƙofar ɗakina da ke kuka in an buɗe ta, sai ga abun da na gina waƙa guda a kai. Yanzu har na zama wani iri, ina tafiya in naji ƙara sai in tsaya in ciro waya in naɗa, mutane na kallona.

Kuma duk wannan bai zama abun da ya zama ba sai don matiris ɗin da ke saman hagu, wanda yana nan tun ranar farko. Layi biyar ne a kwance, bakwai a tsaye. Biyar ɗin su ne masu motsa abu, ambulan mai juyawa da ambulan na biyu (ambulan shi ne mai tsara tashin abu da saukarsa) da LFO mai kai-komo da kansa da matsin yatsa da kuma maɓalli ko afejiyeta mai buga notocin kod ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ɗin kuma su ne waɗanda ake motsawa, huɗu an riga an rubuta su, uku kai za ka zaɓa. To ka haɗa matsin yatsa da wurin da Cloud ke tsayawa a cikin samful, sai ya zama yatsanka ne ke yawo a cikin sautin, ka kwantar ya matsa gaba ka ɗaga ya dawo baya. Anan ne na gane allon taɓawar nan da mutane ke zagi ashe jiran wannan injin yake yi tun 2019. Sikwensan ma haka, wato mai naɗar jerin nota ya riƙa maimaita su, taki 64 ne, yana naɗar murɗin nob har layi huɗu, ga Spice da Dice masu ɗan hargitsa maka jerin in ya fara gundurarka. Tsofaffin kaya ne duk, amma sabon injin ya sa na koma kansu kamar ban taɓa ganinsu ba.

Sai dai ba kowa ne ya ji abun da naji ba, kuma ya kamata in faɗi nasu. Akwai wani babban yayanmu a harkar, makaɗin fiyano ne na gaske wanda ya fi shekara ashirin yana bugawa, na kai masa har gida ina zumuɗi na ce yaya ga abun nan fa ya zama sabo. Ya saurara ya gyaɗa kai ya ce sautin ya yi, sannan ya ɗora hannu zai buga wani gudu da ya saba, yatsunsa suka rasa inda za su kama, ya gwada sau uku ya ture min abuna ya ce ƙanena wannan ai tebur ne, ko ofdet ɗari za a yi masa tebur ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Hannun da ya saba da maɓalli ya nutse ya dawo ba zai taɓa sakewa anan ba. Abun da ya yi daga baya shi ne ya jona babban kibod ɗinsa ta MIDI yana buga sautukan daga can, ya ji daɗin hakan sosai, amma ni a ganina ya bar rabin abun a baya tunda ya rabu da matsin yatsan.

Wata mawaƙiya kuma da muke aiki tare, ita bokodan ne ya ja ta, ta ce ita duk maganar ɓarɓashi ba ta dame ta ba. Ƙorafinta ɗaya ne kuma nima ina da shi, babu eko babu ribab mai sa sauti ya yi amo kamar a babban ɗaki babu komai na ƙawata sauti a ciki, a bushe yake fitowa ƙayau, kuma ta rami ɗaya, wato mono. Injin Cloud kuwa in ka ji shi a bushe ta sifika ɗaya kamar ka ga hoto ne ba launi, sai ka bi da shi ta feda ko ta miksa ka zuba masa ribab kafin ya buɗe fukafukansa. Duk sanda aka ce sabon ofdet na zuwa sai ka ji masu shi suna fatan a sa eko, ni dai na daina sa rai, kuma ko an sa ramin fita ɗaya ne, ba manhajar da za ta huda na biyu. Haka maganar muryoyi, nota huɗu yake bugawa a lokaci ɗaya amma duk ta filta ɗaya suke bi, don haka in ka riƙe kod ka ƙara nota a sama, filtar ba za ta buɗe wa sabuwar ita kaɗai ba, duka take ja. Wani lokacin wannan na bada wani salo mai daɗi, wani lokacin kuma haushi yake bani, ya danganta da waƙar.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba game da yawan ofdet. Fuskar na'urar an buga mata rubutu ne tun 2019, ba ta san da samful ba, ba ta san da Unison ba. Don haka duk sabon abun da aka ƙara sai an nemo masa maɓoya, ko a riƙe Shift a danna wani abu, ko a tura shi cikin Utility ka yi ta gangara a ɗan allon nan kamar mai neman allura. Nob ɗin Type da a da in ka murɗa kaɗan ka wuce inji ɗaya, yanzu injina sun kai wajen ashirin akan da'ira ɗaya, hannu ya ɗan karkace ka tsallake wanda kake nema. Ni har takarda na manna a ƙasansa na rubuta haɗe-haɗen maɓallan da nake mantawa. Ba zan kira wannan aibi ba tunda kyauta aka ƙara min ɗakuna a gida, amma dai gidan ya fara cika, kuma wanda ya saye shi yau a matsayin sintisaizansa na farko zai sha karatu fiye da yadda muka sha.

Shi abokin nan nawa mai tari, shi kuma matsalarsa daban ce, kuma na gaya masa a gabansa. Tunda aka saba masa da kyauta ya zama kullum jiran na gaba yake, ko wane lokaci maganarsa ita ce me za su ƙara, alhali WaveUser da aka ba shi tun 2021 bai taɓa ɗora ko teburi ɗaya a ciki ba, na tambaye shi ya yi dariya. Ni da na zauna fiye da shekara biyu akan na 3.0 na fi shi sanin injin Bass nesa ba kusa ba, shi kuma ya riga ni jin daɗin Cloud da kusan shekara. Har yanzu muna musu akan wa ya yi asara, ba wanda ya yarda.

Masu tambaya ko su tsallake su sayi MiniFreak, babban wansa da ya fito a 2022, to shi yana da maɓallai 37 masu dannuwa, murya shida, ga eko da ribab a ciki, ga fita ta rami biyu, wato kusan duk abun da yayanmu da mawaƙiyar nan suka yi ƙorafi a kai an gyara a can, da ƙarfe aka gyara ba da manhaja ba. In kai mai buga kod ne da hannu biyu can ya fi maka. Amma ba shi da allon taɓawar, ni kuma yanzu yatsuna sun riga sun lalace da shi, in na hau kibod na gaske sai in ji ina kwantar da yatsa ina jiran sauti ya buɗe ba abun da ya faru.

Wanda ke da MicroFreak a ajiye akan tsohuwar famwaya saboda tsoro irin nawa, ni dai na ce ya ɗora, amma ba ana gobe wasa ba, ya zaɓi ranar da ba abun da ke gabansa, ya kwashe sautukansa tukuna. Tsofaffin sautukana da suka tsira duk suna fita yadda na san su, ban ji wanda ya canja ba. Bes ɗin nan kuwa jiya ma na ƙara zama akansa wajen awa biyu, na kusa, ina zargin ambulan mai juyawa na haɗa da Shape a ɗaya daga cikin layukan ukun nan, anjima in na dawo zan gwada da LFO in gani.